Yini Ɗaya a Salvador, Birni Mai Hawa Biyu

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau za mu ƙetare Tekun Atlantika, mu yini a Salvador, babban birnin jihar Bahiya da ke arewa maso gabashin ƙasar Birazil. Za mu fara da hantsi, mu tashi da magariba, kuma yawancin yawon a ƙafa za mu yi shi, domin gari ne da ba ya bayyana kansa ga wanda ya tsaya leƙe ta tagar mota.

Turawan Fotugal ne suka kafa birnin a 1549 ƙarƙashin gwamna Tomé de Sousa, kuma shi ne babban birnin Birazil na farko, har zuwa 1763 da aka mayar da mulki Rio de Janeiro. Yau mutanensa sun kai miliyan 2 da dubu 400, kuma kusan takwas cikin goma baƙar fata ne ko masu jinin Afirka. Nisansa daga layin da ya raba duniya biyu daidai yake da na Katsina, wato digiri 13, sai dai shi yana kudu ne. Shi ya sa lokacin da muke fama da hunturu su suna tsakiyar zafi, ruwan samansu kuma ya fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuni. Agogonsu yana bayan na Najeriya da Nijar da awa 4.

Tsohon garin tamkar gidan sama ne mai hawa biyu. A ƙasa, bakin ruwa, akwai siririn fili inda tashar jiragen ruwa da rumbunan kaya da shagunan 'yan kasuwa suke. A sama, kan wani tsauni da ya miƙe kamar an yanke shi, nan aka gina fadar gwamna da majami'u da gidajen masu hali. Tsaro ne ya sa aka zaɓi wurin: wanda ke sama yana hango duk jirgin da ya shigo tun daga nesa. Ko da haka, Turawan Holan sun ƙwace garin a 1624, suka riƙe shi shekara guda kafin a kore su.

Mu fara daga ƙasa, a dandalin Cairu, da misalin ƙarfe tara, kafin rana ta yi zafi. Babban ginin da ke bakin ruwa shi ne kasuwar Mercado Modelo. Asalinsa ofishin kwastan ne da aka kammala a 1861, sai daga baya aka mayar da kasuwa cikinsa bayan gobara ta cinye tsohuwar. Kayan tsaraba ake sayarwa, sassaƙa da ganguna da yadin leshi, kuma ana ciniki, ba a biyan farashin farko. Za ka ji masu yi wa baƙi jagora suna cewa a ƙarƙashin ginin ake tsare bayin da aka sauke daga jirgi. Masana tarihi ba su yarda da wannan ba, tunda an hana shigo da bayi Birazil a 1850, shekara 11 kafin a gama ginin. Wahalar da aka sha a garin nan ta gaske ta isa, ba ta buƙatar a yi mata ƙari.

Yanzu juya wa teku baya, ka ɗaga kai. Tsaunin da ke gabanka shi ne abin da nake so mu yi yawon yau muna tunawa da shi. Sama da shekara 300, kusan duk abin da ya hau can sama, a kan mutum ya hau ko a kafaɗarsa: gangar man zaitun da garin alkama da aka sauke daga jirgi, kujeru da gadaje, tulunan ruwa daga maɓuɓɓugai. Har masu gidan kansu ba sa taka hawan da ƙafarsu. Kujera ce mai labule, rataye a jikin sanda, mutum biyu su saɓa a kafaɗa, ɗaya gaba ɗaya baya. Limaman coci sun girka wata ƙugiya ta jan kaya a gefen tsaunin, amma ba ta rage wa 'yan dako komai ba.

Waɗannan 'yan dako 'yan Afirka ne, bayi da 'yantattu. Suna da matattara a kusurwoyin tituna, kowace da shugabanta, kuma yawanci 'yan ƙabila ɗaya ke haɗuwa wuri ɗaya. Bawa ya fita ya yi dako, ƙarshen mako ya kai wa ubangidansa kuɗin da aka yanka masa, abin da ya saura nasa ne. Da irin wannan ragowar wasu suka yi ta tari, shekara da shekaru, har suka fanshi kansu. A 1857 majalisar gari ta ce kowane ɗan dako sai ya yi rajista, ya biya haraji, ya rataya wani ƙarfe mai lamba a wuya. A watan Yuni suka ajiye aiki baki ɗaya. Fiye da mako guda kaya na jibge a kwastan babu mai ɗauka, dole hukuma ta janye harajin, ko da yake ƙarfen wuyan ya zauna. Ana lissafa wannan cikin yajin aiki na farko-farko a tarihin Birazil, kuma mutanen da doka ba ta ɗauke su a bakin komai ba ne suka yi shi.

Mu kuwa yau lifta za mu shiga. Sunanta Elevador Lacerda, an buɗe ta a 1873, aka sake mata fasali a 1930. Tsayinta mita 72, kuma cikin rabin minti ka isa sama. Ba don baƙi aka yi ta ba. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan talla ke cika ta safe da yamma. Da ka fito, matsa gefen shinge ka duba ƙasa. Ga rufin kasuwar da muka baro, ga wani zagayayyen sansanin soja mai suna São Marcelo zaune a tsakiyar ruwa, can nesa kuma tsibirin Itaparica. Iskar wurin kaɗai ta isa mutum ya tsaya ya huta.

(Ɗan gajeren kiɗa)

A wannan dandali na sama za mu ɗan daɗe, saboda a nan labarin garin ya taɓa mu kai tsaye.

Bayan da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, yaƙe-yaƙe suka yi yawa a ƙasar Hausa da maƙwabta, kuma an kama mutane daga kowane ɓangare na faɗan. Wasu daga cikinsu aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har bakin teku, Legas da Badagiri da Wida. Can jiragen 'yan kasuwar Bahiya ke jira da taba da aka shafe da ruwan rake mai kauri, wadda sarakunan gaɓar ke matuƙar so. Ta wannan hanya dubban Hausawa suka tsinci kansu a Salvador da gonakin raken da ke kewaye da ita, kuma da yawansu mayaƙa ne, wasu malamai ne masu karatu da rubutu.

Ba su zauna shiru ba. A watan Mayun 1807 gwamna ya bankaɗo wani shiri da Hausawa suka ƙulla a cikin garin. An samu baka da kibau da layu a gidan da suke taruwa, kuma rahoton gwamnan ya ce niyyarsu su ƙwace jiragen ruwa su koma gida. A 1809 wasu suka gudu daga gari da gonaki suka haɗu suka yi faɗa. A watan Fabrairun 1814 kuma suka tashi a Itapuã, wajen rumfunan masunta da ke arewa da birnin, suka ƙone su, kafin sojoji su tare su. Takardun shari'ar sun kira jagoransu da laƙabin malomi, masana kuma sun ce malam ɗinmu ne ya shiga bakin Fotugis.

Tawaye mafi shahara shi ne na daren 24 zuwa wayewar 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na watan Ramadan. A faɗi gaskiya, wannan karon Yarabawa Musulmi ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, Hausawa kaɗan ne a ciki, ko da yake cikin malaman da aka tuhuma akwai wani Bahaushe 'yantacce mai sayar da taba da ake kira Dandará, da wani Banufe mai suna Luís Sanim. Labarin shirin tawayen ya fita kafin lokaci. Da tsakar dare 'yan sanda suka buga ƙofar wani gida a gangaren Ladeira da Praça, 'yan taku kaɗan daga inda muke tsaye. Mutum kusan 60 suka fito sanye da fararen riguna, riƙe da takubba, suka hauro wannan dandali.

Dubi tsohon ginin majalisar gari da ke gefen dandalin. A ƙarƙashinsa kurkuku yake a wancan zamani, kuma a ciki akwai wani dattijon malami Bayarabe, Pacífico Licutan. Bai yi laifin komai ba. Ubangidansa ne ya ci bashi ya kasa biya, sai aka kama malamin a matsayin kadara, ana jiran a yi gwanjonsa. Almajiransa sun sha zuwa ƙofar kurkukun neman albarkarsa, kuma shi suka fara yunƙurin kuɓutarwa a daren. Ba su samu shiga ba. Suka bi tituna suna kiran 'yan uwa, har adadinsu ya kai wajen 600, sannan suka gangara ƙasa da nufin fita gari su haɗu da bayin gonaki. A Água de Meninos, gaban barikin sojan doki, aka murƙushe su kafin gari ya waye sosai. Fiye da 70 suka mutu. An harbe huɗu a watan Mayu, aka yanke wa ɗaruruwa bulala ko ɗauri ko kora daga ƙasar. Shi dattijon malamin bulala 1,000 aka yanke masa.

Abin da 'yan sanda suka kwashe daga gidajensu duk wanda ya yi makarantar allo zai gane shi: alluna, tawada, carbi, da layu masu ɗauke da ayoyi da addu'o'i. Wasu daga takardun nan suna nan har yau a gidan adana takardun tarihi na jihar Bahiya. Masanin tarihi João José Reis, ɗan garin, ya yi shekaru yana aiki a kansu. Akwai kuma ƙaramin jakadan Faransa, Francis de Castelnau, wanda ya zauna da Hausawan Bahiya yana tambayarsu garuruwansu da hanyoyin da aka biyo da su, ya buga abin da suka faɗa masa a 1851, da ambaton Kano da Katsina da Zazzau. Yana damuna ƙwarai cewa ɗalibi zai gama sakandare a Kano ko Damagaram bai taɓa jin wannan ba. Hausawan nan da aka kai Bahiya iyaye ne da 'ya'ya na wasu gidaje da ke nan cikinmu, an jira su har aka gaji. Jami'o'inmu suna da masu karanta irin wannan rubutu cikin sauƙi, kuma ya dace a ce da hannunsu a nazarinsa.

Waɗanda aka kora, da waɗanda suka ga zama ya gagara suka biya kuɗin jirgi da kansu, sun sauka a gaɓar Afirka ta Yamma. Su ne Aguda na Legas da Porto-Novo, su ne kuma Tabom na birnin Akra a Gana. Wanda ya ga babban masallacin Porto-Novo ya ga fasalin majami'un Salvador, saboda jikokin maginan can ne suka ɗora shi.

(Kiɗan ganguna)

To, mu ci gaba da tafiya. Minti kaɗan a ƙafa sai dandalin Terreiro de Jesus. Nan babbar majami'ar garin take, wadda aka lulluɓe da dutsen da aka yo dakonsa a jirgi daga Fotugal, ka kuma san kafaɗun da suka hauro da shi. Kusa da ita akwai tsohuwar makarantar likitanci ta 1808, ta farko a Birazil, kuma a cikin ginin akwai gidan tarihin al'adun Afirka. A tsakar dandalin za ka tarar da samari sun yi da'ira suna kapuwera, wasan da ya haɗa rawa da kokawa da tsalle, ana kaɗa musu wani baka mai tsirkiya ɗaya da ƙwarya a gindi. Idan ka ɗauki hotonsu, ka ba da wani abu, sana'arsu ke nan.

Daga nan hanya ta gangara zuwa Pelourinho, unguwar da hotonta ya fi yawo a duniya: benaye masu launin shuɗi da rawaya da ruwan hoda, jere a gefen titin da aka shimfiɗe da duwatsu. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Nan ƙungiyar makaɗan Olodum take, wadda aka kafa a 1979, kuma nan Michael Jackson ya ɗauki bidiyon wata waƙarsa tare da su a 1996. Sunan unguwar kuwa na turken dutse ne da ake ɗaure mutum a yi masa bulala a bainar jama'a. Shuɗiyar majami'ar da ke gefen gangaren, Rosário dos Pretos, bayi da 'yantattu ne suka gina wa kansu, da kuɗinsu da ɗan lokacin da suka samu bayan aikin iyayengiji, abin da ya ɗauke su kusan ƙarni guda.

Kyan unguwar ba ya ɓoyuwa, amma yana da kyau a san yadda aka same shi. Da masu kuɗi suka ƙaura zuwa sababbin unguwanni, talakawa ne suka zauna cikin gidajen da ke rushewa. A 1992 gwamnatin jiha ta fara gyara, sai aka sallami yawancin mazaunan da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, gidajen suka koma shaguna da wuraren cin abinci. Talakan Salvador har yau a gefen tuddai yake gini, inda ƙasa ke zaftarewa in ruwa ya yi yawa. A watan Afrilun 2015 irin wannan zaftarewa ta kashe mutum fiye da goma a rana ɗaya.

Rana ta take, yunwa ta taso. Nemi ɗaya daga matan nan masu farar riga mai faɗi da ɗaurin ɗankwali da tsakiya a wuya, zaune gaban kasko. Abin da take soyawa ƙosai ne, na wake da albasa, sai dai da manja ake suya, kuma ya fi namu girma. Sunansa akaraje. Za ta tsaga shi biyu, ta zuba wani kauri da aka dama da gyaɗa da kashu da madarar kwakwa, ta ƙara miyar kuɓewa da busasshen jatan lande. Idan ta tambaye ka ko da zafi kake so, barkono take nufi, kuma barkononsu ba na wasa ba ne. A gefe tana da abara, wanda alale ne da aka naɗe a ganyen ayaba. Matan Afirka sun yi wannan talla tun zamanin bauta, kuma da ribarsa da yawa suka fanshi kansu da 'ya'yansu.

Amma in ka shiga gidan abinci na gargajiya, tambayi arroz de hauçá, wato shinkafar Hausawa. Manuel Querino, wani marubuci baƙar fata ɗan Bahiya, ya bayyana yadda ake yin ta a littafinsa na girke-girken jihar: a dafa shinkafa ba gishiri, a tuƙa ta har ta haɗe jiki ɗaya, a ɗaure da garin shinkafa, a ci da soyayyen busasshen nama da miya mai yaji. Duk uwargidan da ke saurarenmu ta riga ta gane tuwon shinkafa. Harshen Hausa ya ɓace a Bahiya, zuri'ar ta narke cikin sauran jama'a, amma tuwon na nan a kan teburi da sunan masu shi.

Matafiyi Musulmi ya lura da abu ɗaya: dafaffen waken da suke kira feijoada da naman alade ake yin sa, kuma naman kan shiga wasu girke-girken ba tare da an ambata ba. Kifi ya fi kwanciyar rai, musamman mukeka, farfesun kifi da manja da madarar kwakwa. Wajen salla kuma, akwai cibiyar Musulunci a unguwar Nazaré, ba nisa da tsohon gari.

Bayan azahar sai a sauka ƙasa, ko ta lifta ko ta ɗan taragon da ake ja da igiyar ƙarfe a jikin tsaunin, a ɗauki tasi a yi arewa. Hanyar ta ratsa Água de Meninos, inda faɗan 1835 ya ƙare. Yau manyan motoci ne da rumbunan kaya. Kusa da nan kasuwar São Joaquim take, kuma ni na fi son baƙo ya ga wannan a kan ta masu tsaraba, saboda a nan gari ke cefane. Tukwanen ƙasa, kwalaben manja, tulin jatan lande, awaki da kaji, ganyayen magani, har da goro da namijin goro, waɗanda mabiya addinin Kandombile, mai tushe a ƙasar Yarabawa da Dahomey, ke saye don ibadarsu. Gaba kaɗan, kan wani tudu, majami'ar Bonfim ce ta ƙarni na 18, wadda shingenta ya cika da ƙyallaye masu launi da mutane ke ɗaurawa suna fatan biyan buƙata. Masu sayar da su kan ɗaura maka ɗaya a hannu su ce kyauta ce, sannan su nemi kuɗi. In ba ka so, ka ce a'a cikin fara'a tun kafin a ɗaura.

Kada ka bari ƙarfe huɗu da rabi ta same ka a can, domin rana na faɗuwa da wuri, tsakanin biyar da kwata zuwa shida gwargwadon wata. Inda za mu ƙare shi ne Barra, can ƙarshen kudu, daidai bakin da jiragen ruwa ke shigowa daga Atlantika. Akwai tsohon sansanin soja da hasumiyar fitila mai zanen baƙi da fari. Tun 1698 ake kunna wa jirage wuta a wurin, hasumiyar yanzu kuwa ta 1839 ce, kuma cikin sansanin akwai gidan tarihin sufurin teku. Yawancin gaɓar Birazil gabas take kallo, amma a nan ƙasa ta lanƙwasa, sai ka ga rana na faɗawa ta kan ruwa. Mutanen gari kan zauna kan ciyawa da ruwan kwakwa a hannu, in ta ɓace su tafa.

In duhu ya shiga, a koma masauki a tasi. Unguwar kasuwanci ta ƙasa takan zama fayau da dare, kuma ko da rana ba a yawo da waya a hannu ko sarƙa a wuya a lungunan da ba jama'a. Fasfo ya zauna a masauki, kwafinsa ya isa. Wanda bai gaji ba yana iya wucewa unguwar Rio Vermelho, inda masu ƙosai ke kai dare suna suya.

Nan za mu dakata a shirin namu na yau.

(Kiɗan rufe shiri)